Legas, da 'yar jakar da na ɗinka wa keken ƙanena

Ɗaurin auren 'yar Kawu ne ya kai ni Legas. Motar dare na hau daga Kano, muka bi ta Zariya da Kaduna da Abuja, babu abin faɗa a wannan tsakanin sai ciwon baya. Bayan mun haye gadar Kwara muna dosar Lakwaja aka tsayar da mu a wani shinge. Wani jami'i ya zazzage jakata a kan kwalta, ya ɗaga almakashina sama yana haska shi da tocila, wai me zan je yi da makami a kudu. Na ce ni tela ne, ga tef ɗin awo, ga alli. Ya ce telan ne ba ya kisa? Kayan da na goge domin biki suna nan zube a ƙasa, shi kuwa yana ta ɗaga murya, har sai da wata dattijuwa Bayarabiya da ke kusa da ni ta sauko ta yi masa faɗa da yarensu, sannan ya jefo mini almakashin. Binciken bai dame ni ba, hanya ce, kowa ya san halin da ake ciki. Wulaƙancin ne ban ga dalilinsa ba.

Agege kuwa, unguwar da Kawu yake zaune a Legas, sai ka rantse wata unguwa ce a Kano da aka ɗauko aka dasa a cikin damina. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga mai yankan farce, Hausa ta ko'ina. Kawu ya gaji sayar da goro a nan, kuma ya ce goron ne ya fara zaunar da mutanenmu a Agege, musamman bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, aka samu hanyar kai shi arewa cikin sauƙi. Ɗakinsa ya bar mini ya koma zaure, na yi na yi ya ƙi. Kullum da safe sai ya aika a sayo burodin Agege mai zafi da waken nan da suke dafawa ya narke su zuba masa baƙar miya mai yaji. Gaskiya burodinsu ya fi namu. Amma kuɗin da Kawu ya ce ana biya na ɗaki ɗaya a bayan gidansa, a unguwarmu ciki da falo zai kama maka har ka yi canji.

Ƙanena yana cikin waɗanda dokar hana acaɓa ta shafa. A watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana babur ɗin haya a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja inda yake aiki, a watan Satumba kuma aka ƙara huɗu. Ya sayar da babur ɗin kafin a ƙwace. Da aka cire tallafin mai a 2023 ma sai ya daina tunanin komawa, ya sayi keken hawa na hannu, yana kai wa mutane abinci da saƙo tsakanin Agege da Ogba da Ikeja. Bayansa akwatin abinci ne, don haka kayan facinsa a leda yake ƙulle su, ya ɗaure da roba a ƙarƙashin sirdi. Na kwance ledar na duba. Sifana ta yi tsatsa, gam ya bushe, tub ɗin da ya ajiye domin ko-ta-kwana ya goge da ƙarfe har ya huje tun ba a sa shi ba. Na ce masa ai akwai jakar da ake yi domin wannan. Ya ce, "Yaya, na gani a wani shago a Ikeja, dubu goma sha biyar suka ce. Aikin yini nawa ke nan?" Na ce gobe ka kai ni inda ake sayar da gwanjo.

Katangowa ya kai ni, wajen Abule Egba a kan titin Abeokuta. Na san Ƙofar Wambai ciki da bai, amma wannan ta ba ni mamaki. Tun da asuba ake yanka dila, mata su yi caa a kai, kowa na fizga, ba sallama ba afuwa. A nan in ka tsaya gaisuwa sai an bangaje ka. Ni ba kayan sawa nake nema ba, don haka na wuce layin masu kyau na nufi inda ake tara waɗanda suka yage. Na samu wandon jins mai kauri wanda gwiwarsa ta fashe amma cinyoyin lafiya lau, da rigar ruwa ta yara, da jakar makaranta wadda gindinta ya mutu amma zif da maɗauranta garau. Matar ta ce dubu biyar. Na ce Mama, wa zai sa wannan wando? Ta ce to kai me za ka yi da shi? Muka yi ta ja, na juya zan tafi, ta kira ni da "aboki", muka daidaita a dubu ɗaya da ɗari takwas, har ta ɗora mini tsohuwar rigar leburan titi mai layin nan da ke walƙiya in fitila ta haska. Cinikinsu da faɗa-faɗa ake yi, amma da an biya sai dariya. A Kano da an yi irin wannan musayar murya an ɓata ke nan.

Saura keken ɗinki. Kawu ya kai ni wajen wani tsohon tela Bayarabe a layinsu, ya ce masa ga ɗana daga Kano, sana'arku ɗaya. Baba ya tashi daga kan Butterfly ɗinsa mai feda ya ce bisimilla. Da ya taɓa jins ɗin sai ya cire allurar da ke kai ya sa mai lamba 18, ya miƙo mini zaren nailan. Ban roƙa ba.

Na fara da kwali. Na durƙusa a bayan keken na auna tsakanin ƙarafa biyun da ke ƙarƙashin sirdi da kuma tazarar da ke tsakanin sirdi da taya, domin in jaka ta yi zurfi taya za ta ci gindinta duk lokacin da aka faɗa rami, ramuka kuwa ba a rasa su a can. Fasalin dole ya zama siriri ta gaba inda ya haɗu da sandar sirdi, ya buɗe ta baya. In gaban ya yi faɗi, cinyar mai tuƙi za ta riƙa gogarsa, mutumin da ke wuni a kan keke kuwa ba zai jure ba. Na yanka gefe biyu iri ɗaya, da dogon ƙyalle guda da ya zagayo sama da ƙasa, na bar santimita ɗaya na ɗinki. Rigar ruwan ta zama shafi daga ciki. Tsakanin shafi da jins, a sama da ƙasa, na zura falle da muka yanko daga tsohuwar jarkar mai, shi ne ke hana jakar lanƙwashewa. Maɗauri biyu ne suka ratsa ƙarafan sirdi, na uku ya zagaye sandar domin kada ta riƙa lilo. Inda maɗauri ya haɗu da jiki nan ne jaka ke fara mutuwa, don haka na ɗinka murabba'i na gicciye shi, na kuma maimaita.

A kan zif ne Baba ya tsoma baki. Ni a sama na yi niyyar sa shi. Ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, ruwan garin nan daga ƙasa yake zuwa." Tayar baya ita ke watso taɓo kai tsaye, ga kuma na sama. Ya sa na mayar da zif ɗin baya, na yi masa marfi da ya sauko ya rufe shi, muka ɗinka layin mai walƙiya a kan marfin domin direbobin danfo, bas-bas ɗin hayar garin, su gan shi da dare. Sannan ya goga kyandir a kan layukan ɗinkin ya toshe hujin allura. Na ciro kuɗi zan biya hayar keke, ya ɓata rai, ya ce baƙon Alhaji baƙonsa ne. Da ƙyar ya karɓi goro.

Tub ɗaya ya shiga a naɗe cikin tsohuwar safa, da sifana mai lamba 15, da ƙarafan cire taya, da gam da faci, har da gurbin cajar waya. Washegari aka kwana ana ruwa, ƙanena ya fita ya dawo jiƙe sharkaf, muka buɗe jakar, komai a bushe. Kafin magariba abokan aikinsa sun cika ƙofar gidan Kawu suna tambaya. Kwalin fasalin na bar wa Baba, shi zai ci gaba da yi musu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mu teloli a Fagge muke zaman jiran Sallah da biki, sauran watanni muna kukan babu aiki, alhali ga masu keke cike da gari tun da mai ya yi tsada, ga tsohon tamfol da gwanjon da ya yage ana zubarwa. A wajenmu ƙurar hunturu ce za ta kashe zif, ba ruwa ba, don haka marfin nan yana da amfani a nan ma.

An ɗaura aure lafiya. Na leƙa kasuwar kayan abinci ta Mile 12 na ga albasar da ake lodi daga arewa, na ji kuɗinta na kama baki. Na haye gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 zuwa kasuwar Idumota na sayo zif da zare, sun fi na Kano araha amma cunkoson ya cinye mini yini. A dawowa jirgin ƙasa na hau daga tashar Agege zuwa Moniya a Ibadan, tsaf da shi, da sanyi, kuma ya tashi a kan lokaci. Daga nan mota ce ta Ilori da Jebba da Mokwa, direban ya cika bayanta da kwalaye har ba wurin miƙe ƙafa, kuɗin kuma bai rage ko sisi ba.