Jikka 35 da suka hana ni barci

Ƙannena cikin Almasihu, a shekarar 2011 ni ne shugaban matasa a majami'armu a nan Tawa, kuma littafin Wahayin Yahaya shi ne abincina. Dabba mai kai bakwai da ƙaho goma, hatimai bakwai, lamba 666, duk suna bakina. A shekarar ce wani tsoho mai wa'azi a rediyo a Amurka, Harold Kamfin, ya sa ranar 21 ga Mayu a matsayin ranar shari'a. Ban fito fili na ce na yarda da shi ba, amma na sha kwana ina lissafi, na kuma cika kunnen matasa da zancen a fadar shayi. Ranar ta zo ta wuce. Ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba, ita ma ta wuce. Alhali Matiyu 24:36 na nan a buɗe, inda Yesu ya ce ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba kaɗai.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne halin da shagona yake ciki. Ni tela ne. Ina da yaron shago, musulmi, mai natsuwa, wanda ya kwana kan keken ɗinki har asuba a satin babbar salla, idanunsa jajur, ƙafarsa ta kumbura da taka keke. Na yi masa alkawarin jikka 35. Salla ta wuce na ce ya bari kasuwa ta buɗe. Wata ya bi wata. Duk sa'ad da ya ɗaga maganar sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, inna ce ke tambaya," ni kuwa in ce gobe. Da ya gaji, ya bi sawun samarin Adar ya tafi cin rani Abijan, ko sallama ba mu yi ba.

Bayan shekara biyu zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ni a asibitin Galmi. Akwai daren da na ɗauka ba zan ga safiya ba. Ku ji ni da kyau: a daren nan dabba mai ƙaho goma ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Fuskar yaron nan kawai nake gani, da kumburarriyar ƙafarsa. Na yi ƙoƙarin addu'a, bakina ya yi nauyi.

Da na ɗan farfaɗo, wani dattijon ikilisiyarmu ya zo gaishe ni, na zayyana masa kome. Bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe ƙarshen Matiyu 25, wurin da Ɗan Mutum yake ware tumaki da awaki, ya karanta a hankali: yunwa, ƙishirwa, baƙunci, rashin sutura, ciwo, kurkuku. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, a cikin shidan nan, ina aka tambayi wanda ya iya lissafin ranar?" Na ce, "Babu, Baba." Sannan ya juya zuwa Yakubu 5:4, inda aka ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji. Na sha karanta ayar, amma kullum masu manyan gonakin albasa nake hangowa, ban taɓa ganin shagona a ciki ba.

Kada ku fahimce ni a karkace. Biyan bashi ba ya sayen sama. Ta wurin alheri aka cece mu, ta bangaskiya, kamar yadda Afisawa 2 ta koyar. Sai dai Bulus ɗin da ya rubuta haka shi ne ya ce a 2 Korantiyawa 5:10 dukanmu za mu bayyana a gaban kursiyin shari'ar Almasihu, kowa ya karɓi sakamakon abin da ya yi cikin jiki. Ni na iya waƙa, na iya muhawara, amma fitilata ba mai, irin ta ƴan matan nan biyar marasa azanci na misalin Yesu a farkon Matiyu 25, kuma man nan ba a ara da tsakar dare.

Don haka kafin ka tura wa mutane wata murya ta WhatsApp kan ƙarshen zamani, ɗauki takarda. Rubuta wanda ke binka kuɗi, wanda ka daina gaisarwa, tsohuwar da ta daina zuwa sujada ba ka je ka ga lafiya ba. Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna, saboda haka kada ka jira Lahadi. Ka kuma samu babba guda wanda zai iya tambayarka yadda kake da matarka da kuɗin mutane, ka ba shi amsar gaskiya. Ni da na samu irinsa tun da wuri, da yaron nan bai tafi hannu wofi ba.

Da aka sallame ni, na nemi gidan mahaifiyarsa. Na tarar da ita tana surfe, na durƙusa na ce, "Inna, hakkin ɗanki ne, na ci amanarsa, ki yafe mini." Ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta ɗaure a bakin zane, ta ce ita ta yafe, amma nasa yafewar sai ya dawo. Lambar da ta ba ni ba ta shiga. Har yau duk wanda ya dawo daga Abijan sai na tambaye shi.