Saƙon godiya bayan jinyar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo Baba, yana gida yana hutawa. A madadinsa da Mama da ƙannena, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana.

Da yawa kun yi mamaki da kuka ji zuciya ce, tunda bai taɓa kukan ciwon ƙirji ba. Kitse ne ya yi ta taruwa a jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini, har suka tsuke, tsokar ta raunana. Lafiyayyar zuciya kan turo kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. Da aka ɗauki hoton tasa, ba ta kai 40 ba. Masu ciwon suga irinsa sukan sami toshewar nan ba tare da sun ji zafi ba. Haki kawai ake gani, sai kumburin ƙafa, ga shi in ya kwanta numfashi ya gagara, dole ya kwana a jingine.

Godiyarmu ta musamman ga likitar zuciya, wadda ta zaunar da mu ta faɗa mana gaskiya ba rufa-rufa: wani sashe na tsokar ya mutu, ya zama tabo, ba zai dawo ba, wani kuwa ƙarancin jini ne ya kwantar da shi, ana sa ran ya farfaɗo. Ta wuyan hannu suka zura siririn bututu, suka buɗe jijiyar, suka saka mata ƙaramar ragar ƙarfe. Ni dai a ganina bayanin nan nata shi ya fara kwantar wa Mama da hankali. Ma'aikatan jinya na dare, ba mu da bakin gode muku.

Kawu, kai ka dage sai an je asibiti a daren, Allah ya biya ka. Masu addu'a da masu gudummawa, saƙonku ya iso.

Roƙo ɗaya: masu zuwa dubiya a taƙaita zama. Kuma don Allah kada a kawo masa wani magani, ko a ce ya ajiye na asibiti wai tunda ya samu sauƙi. Barin maganin hana daskarewar jini na iya sa ragar ta toshe.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba sauran marasa lafiya sauƙi.