Tashar gida kyauta ce, don me sai an biya kuɗin wata kafin a gan ta a dish?

Duk mai dikodar biya a Zariya ya san abin da ke faruwa ranar da kuɗin wata ya ƙare. Ƙwallon Turai ta ɗauke, finafinan waje su ɗauke, wannan kam babu mai musu. Abin da ke ɓata wa jama'a rai shi ne yawancin tashoshin gida ma sukan rufe tare da su, a DStv sai ka ga lambar E16 a fuskar talabijin. Alhali tashoshin nan da kuɗin talla ko kasafin gwamnati suke rayuwa, kuma tun da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna a 1962 eriya kawai ake ɗaurawa a kalla. Shi ya sa daga Sabon Gari har Samaru tambaya ɗaya ake yi wa masu haɗa dish: abin da ake watsawa kyauta, da wane dalili kamfani zai kulle shi ya sayar?

Amsar kashi biyu ce. Akwai tsadar aiki ta gaskiya, akwai kuma dabarar kasuwa. Kamfanoni sun fi son a haɗe su a dunƙule, mu kuwa muna ganin hakkin mai biya ne a rarrabe masa su.

Mu fara da hanyar da hoto yake bi. Dish ɗinka ba ya kama tashar gida daga turken da ke garinku. Sai tashar ta aika hotonta zuwa cibiyar kamfanin, ta wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa ko ta wani tauraron dabam. A can za a matse hoton ya ƙanƙance, a jera shi da wasu tashoshi, a sa masa makulli, sannan a harba shi da katafaren dish zuwa tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 saman tsakiyar duniya. Daga can ne yake saukowa rufin gidanka. Kowane mataki yana da injuna, da ma'aikata dare da rana, da janareta, da na'urar ko-ta-kwana. Ruwan rijiya kyauta ne, amma ɗan ga-ruwa da ya turo kura har ƙofar gida dole a sallame shi.

Mafi tsada a ciki shi ne gurbi a kan tauraron. Kamfanonin talabijin galibi haya suke yi: DStv na Nijeriya yana saukowa daga tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas, dish na StarTimes kuma daga SES-5 a digiri 5 gabas. Kowane tauraro yana da ƙididdigaggun na'urorin karɓa da mayarwa da ake kira tiransfonda, kuma da zarar an harba shi ba a ƙara masa ko ɗaya har ya gama shekarunsa, kimanin 15. Tiransfonda mai faɗin megahaz 36 tana ɗaukar megabit 45 zuwa 60 a daƙiƙa, gwargwadon yadda aka saita ta. Tasha mai hoto na gama-gari tana cin wajen megabit 2, mai hoto tangaran na HD kuwa 5 zuwa 8. Ka yi lissafi da kanka: tashoshi ashirin da wani abu ke nan na gama-gari, ko wajen shida zuwa sha biyu na HD. Duk gurbin da aka ba tashar gida, an hana shi wata tashar. Hayar kuma da dala ake biya. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ba mamaki da MultiChoice, kamfanin da ke da DStv, ya ƙara kuɗin wata sau biyu a 2023, ya sake a Mayun 2024, ya kuma sake a Maris na 2025. A saman wannan ga harajin VAT na kashi 7.5 da ke cikin abin da kake biya, ga kuɗin lasisin Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin.

Wannan lissafin ne ke bayyana wani abu da mutanen Zazzau suka daɗe suna lura da shi. Abin da kamfani yake kira tashoshin gida, yawanci na ƙasa baki ɗaya ne: babbar NTA, AIT, Channels, TVC da ire-irensu. Ƙananan tashoshi na gari ko na jiha da wuya su samu shiga. Dalili shi ne hasken tauraron faffaɗa ne, ya lulluɓe ƙasashe da dama lokaci guda. In aka ɗora tashar da mutanen Zariya da kewaye kaɗai ke so, sai ta ci gurbi daidai da wadda ake kallo daga Legas har Akara. Kamfani ba zai yi wannan cinikin ba sai in an biya shi.

A Amurka ne al'amarin ya fi fitowa fili, domin can ana rubuta kuɗin tashoshin gari a layinsa dabam. An raba ƙasar zuwa kasuwannin talabijin 210, kowace da tashoshinta, kuma doka ba ta yarda a riƙa nuna wa mutumin wani gari tashar wani garin yadda aka ga dama ba. Don haka kamfanoni irin su DirecTV da Dish sai da suka harba taurari masu ƙananan haskoki, kowane haske ya sauka a yanki guda, domin a iya maimaita mita ɗaya a wurare da yawa. Dokar 1999 ce ta ba su damar ɗaukar tashoshin gari, da sharaɗin da ya fara aiki a 2002 cewa in ka ɗauki ɗaya a gari, sai ka ɗauki sauran da suka nema. Sai kuma babban dalilin, wanda ya samo asali daga dokar 1992: tasha tana da zaɓi, ko ta ce dole a ɗauke ta ba tare da an ba ta ko sisi ba, ko ta ce ba za a sake watsa ta ba sai da izininta. Manyan tashoshi masu wasanni da labarai duk na biyun suka zaɓa, suna karɓar kuɗi a kan kowane mai kallo duk wata. In ciniki ya ƙi faɗawa, sai a cire tashar. A 2023 tashoshin kamfanin Nexstar sama da 150 sun ɓace daga DirecTV tun farkon Yuli har tsakiyar Satumba. Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar: ƙa'idar 2008 ta tilasta wa masu talabijin na biya su ɗauki tashoshin gwamnati na SABC 1, 2 da 3 ba tare da biya ba, SABC ta yi ta ƙorafi har aka gyara ƙa'idar a 2022 aka buɗe ƙofar ciniki.

A nan gida ba a ware kuɗin a takarda, an cusa shi cikin kunshi mafi araha. Kuma sau da yawa kuɗin a juye yake tafiya. Tashar da ke da abin da masu kallo ba sa iya haƙura da shi, ita ake bi. Ƙaramar tasha kuwa ita ke neman gurbi, ita ke ɗaukar nauyin kai hotonta cibiya, domin masu talla ba sa zuwa sai sun ga ana kallonta a ko'ina.

To, ga inda ba mu yarda da hujjar tsada ba. Kulle tashar gida bayan kuɗi ya ƙare ba larurar fasaha ba ce. Siginar tana ci gaba da sauka a kan dish ɗinka ko ka biya ko ba ka biya ba, kuma mai kallo na miliyan ɗaya da ɗaya ba ya ƙara wa tauraro nauyin komai. Makullin yana cikin kati ko cikin dikoda, saƙo kawai ake turo masa ya buɗe ko ya rufe, kuma ana iya barin kowace tasha a buɗe in an so. Abin da ya sa ba a bari shi ne kamfani yakan sayar da dikoda ƙasa da abin da ta ci masa, da nufin ya fanshe a kuɗin wata. In ya bar labarai da tashoshin Hausa a buɗe, magidanta da yawa za su sayi akwatin mai rahusa su daina biya. Hujja ce ta ɗan kasuwa, kuma ana fahimtarta, amma labaran ƙasa da sanarwar zaɓe, da ganin wata, da gargaɗin ambaliya ba kayan alatu ba ne. Ra'ayinmu shi ne NBC ta fayyace jerin tashoshin da za su zauna a buɗe a kowace dikoda, a rubuta shi a jikin kwali mai saye ya gani.

Kafin a kai can, akwai hanyoyi biyu da ba sa buƙatar kuɗin wata.

Ta farko eriya. Shirin komawa dijital ya fara a Jos a Afrilun 2016, ya iso Kaduna a Disambar 2017, da akwatin FreeTV da ake biya wa kuɗin shekara, wanda aka fara da naira 1,000. Matsalar Zariya nisa ce: kimanin kilomita 80 daga Kaduna, siginar UHF kuwa kusan a miƙe take tafiya, ba ta son gini ko tudu a gabanta. Eriyar cikin ɗaki ba za ta yi ba. Ana buƙatar doguwar eriya mai haƙora da yawa a kan bututun ƙarfe da ya haura rufi sosai, a fuskantar da ita kudu maso yamma, a juya ta a hankali ana kallon ma'aunin inganci. Busta, na'urar ƙara ƙarfin sigina, tana taimakawa in an ɗaura ta a sama dab da eriya. In aka sa ta a bayan talabijin, hayaniyar da waya ta kwaso za ta ƙara wa ƙarfi. A tuna dijital ba ta da tsaka-tsaki irin na dā da ake kallo cikin yayyafi, ko hoto ya fito fes ko ya daskare. A kuma ɗaure bututun da waya zuwa ƙasa saboda tsawa. GOtv da StarTimes na eriya su ma ta turke suke zuwa, amma na biya ne, kada a rikita su da wannan.

Ta biyu ita ce wadda ta fi karɓuwa a Arewa: dish da risiba ta kyauta, wato akwatin kama tashoshin da ba a kulle ba. Tashoshin Hausa da yawa, na wa'azi da na labarai da na nishaɗi, su suke biyan hayar tauraro da kansu su bar siginar a buɗe. Haka Arewa24 ta fara a 2014. Taurarin da aka fi nema su ne na digiri 16 gabas da na digiri 7 yamma. Wannan ma yana koyar da darasin da muka faro da shi, domin tashar da ta kasa biyan haya rana ɗaya ake wayar gari babu ita, ko ta koma wata mita mai sauƙin kuɗi. In tasha ɗaya ta ɓace sauran suna nan, kada a taɓa dish, a sake sikanin kawai.

Ga ma'aunai daga Zariya, wadda take wajen digiri 11 arewa da 7.7 gabas. Tauraron 36 gabas yana gabas ne da ɗan karkata kudu, ɗagawarsa wajen digiri 55. Na 16 gabas yana kudu maso gabas, ɗagawa wajen 74. Na 7 yamma yana kudu maso yamma, wajen 68. Dish mai siffar ƙwai yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa take nunawa da digiri ashirin da wani abu, don haka a bi ma'aunin da ke jikin maƙalarsa, kada a bi ido. Inda aka fi faɗuwa shi ne murɗa LNB, wato kan da ke gaban dish mai karɓar sigina. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, murɗin yana da yawa: wajen digiri 67 ga 36 gabas, wajen 36 ga 16 gabas, sannan wajen 52 ta ɗaya ɓangaren ga 7 yamma. Wanda ya juya tsohon dish na DStv zuwa yamma ya bar LNB yadda take, zai ga ƙarfin sigina ya cika amma inganci babu. Ƙarfi yana nuna cewa LNB tana samun wuta ne kawai, inganci shi ne shaidar an kama tauraro.

Dish na santimita 90 ya fi na 60 jure ruwan Agusta, wasu mitocin na yamma ma sai wanda ya fi haka girma. A cikin risiba a zaɓi LNB ta gama-gari, 9750 da 10600, a bar sautin 22K a kan atomatik, in ba haka ba rabin mitoci ba za su fito ba. In ana son taurari biyu ko fiye a risiba ɗaya, sai a sa makunnin DiSEqC mai baki huɗu, a tabbatar lambar bakin da aka soka waya ita ce aka zaɓa wa tauraron a cikin saiti. Dikodar kamfani ba ta maye gurbin risiba ta kyauta, an ƙera ta ne ta bi jerin kamfaninta. Risibar kuma ta zama mai karanta DVB-S2 da MPEG-4, gara ma mai H.265, domin tsohuwa za ta jero sunan tasha ta ba da murya ko baƙin allo.

Waya ita ce inda ake tsumulmular da ke jawo asara. A sayi RG6 mai kauri da raga cikakkiya, kada tsawonta ya wuce mita 30 zuwa 40 in da hali, kuma a guji haɗi a tsakiya. Risiba tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikin wayar nan, da ita take zaɓar siginar tsaye ko ta kwance, iri biyun da tauraro ke aikowa. Saboda haka a cire ta daga soket kafin a ɗaura ko a kwance kan waya, domin silin raga ɗaya da ya taɓa zaren tsakiya ya isa ya ƙona tuna, wato ɓangaren risiba da ke karɓar sigina. Waya mara kyau mai tsawo tana rage bolt 18 ɗin, sai tashoshin kwance su ɓace na tsaye su zauna, mutum ya yi ta zargin LNB a banza. A naɗe haɗin waje da tef, a lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Sannan a ɗaure ƙafar dish da kusoshi a bango ko siminti, ba a danne ta da bulo a kan kwano ba, domin guguwar farkon damina in ta gusar da shi da digiri biyu kacal sai an sake hawa saiti.