Kafin ka tambayi ɗalibi damuwarsa, ka san inda za ka kai shi

Furojet ɗina na ajin ƙarshe a kan ciwon damuwa ne tsakanin ɗaliban jami'a a nan Gombe. Na shiga aikin da tunanin ƙwaya ce tushen matsalar, tiramol da kodin, kamar yadda manya ke faɗa. Masu sha suna nan, amma abin da ya cika takardun tambayoyin da na raba yunwa ce da tsoron gida. Yaro ya wuni a kan gari da ƙuli, kuɗin mota ya haura tun cire tallafin mai a 2023, ga kariyoba biyu, wato kwasa-kwasan da ya faɗi sai ya maimaita, da ya ɓoye wa mahaifin da ya sayar da masararsa ya biya masa rajista. Wasu kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na wata 8 a 2022 ne ya kashe musu gwiwa. Ba mu kaɗai ba ne ma: wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da aka buga a 2018 ya gano kusan ɗaya cikin uku na ɗaliban ajin farko a ƙasashe 8 na da wata matsalar ƙwaƙwalwa.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan sallar isha wani da ya cike takardar ya same ni a hostel, leɓensa a bushe, yana murza hularsa. Ya ce, “Ɗan'uwa, duk abin da ka tambaya ina da shi. Ba na barci, karatu ba ya shiga, wani lokaci ina jin gara in mutu. Yanzu ya zan yi?”

Ba ni da lambar likita ko ta mai ba da shawara, sai “ka yi haƙuri, ka dage da addu'a”. Kafin in gano sashen masu kula da ƙwaƙwalwa a asibiti, 'yan gidansu sun kwashe shi ƙauye, wai iska ce. Zangon nan ya tafi a banza. Addu'a ba ta hana ganin likita, amma wa zai gaya wa kawunsa haka?

In za ka yi irin wannan aiki, fara zuwa asibiti ka san ranar ganin likitan, ka buga lambar waya a ƙasan kowace takarda. Wanda ya ambaci mutuwa kuwa, kar ka bar shi ya kwana shi kaɗai, ka raka shi da ƙafarka.

Ranar kare furojet an yi ta ja da ni kan tsarin teburi da girman haruffa. Cikin malaman nan babu wanda ya tambayi ina na tura waɗanda amsoshinsu suka nuna suna cikin hatsari.