Godiya: an gano ƙarar bayan motata

Alhamdulillahi, ƙarar nan ta mutu. Jikina duk a gajiye yake amma zuciyata wasai, kuma tunda a gaban jama'a na yi ta kuka da ita, a gaban jama'a ya kamata in yi godiya. Waɗanda suka bi maganar tun farko sun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba. An kwashe kayan but kaf, an ɗaure tayar safaya, an naɗe jak da sifana da tsumma, an cusa roba a bayan lamba, an canza shok ɗin baya duka biyu, an canza robobin bushin. Duk da haka da zarar taya ta taka gargada sai ka ji ta, ƙwar-ƙwar-ƙwar, kamar an jefa cokali cikin gwangwani ana girgizawa. Wasu sun ce in ƙara muryar rediyo in huta. Na ƙara, amma kunnen da ya riga ya san ƙara ba ya sakinta, ta ƙarƙashin waƙar ma yana jiyo abarsa.

Ba ƙarar ce ta fi cina ba, rashin sanin daga ina take ne. Mota ce da nake ɗaukar iyali a ciki. Daren da muke dawowa da yara suna barci a baya, na faɗa wani rami da ban gani ba, sai ƙarar ta tashi da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Gabana ya faɗi. Abin da ya zo mini kawai shi ne notikan taya sun kwance, yanzu tayar za ta fita ta bar mu. Na gangara gefe a hankali, ina tsoron taka birki da ƙarfi, ina tsoron rashin takawa. Maiɗakina ba ta ce komai ba, salati kawai take yi ƙasa-ƙasa don kada yaran su farka. Na tsuguna da fitilar waya ina gwada notikan ɗaya bayan ɗaya, hannuna na rawa, kuma duk na same su daram. Wallahi da na samu ɗaya a kwance da na fi samun natsuwa, don aƙalla na san abokin gabana. Maƙwabcina na kira a wannan tsakar daren. Bai tambaye ni dalili ba, inda muke kawai ya tambaya, ya zo ya kwashe iyalina a motarsa, ya biyo ni a baya da fitilunsa har ƙofar gida. Na san ba ya son a ambace shi, to ya yi haƙuri, yau sai na faɗa. Allah Ya tsaya masa kamar yadda ya tsaya mini.

Shi ne kuma ya kai ni wurin Baba, wani dattijon bakanike da ya kusa ajiye sifana saboda ciwon gwiwa. Abin da ya fara ba ni mamaki, Baba bai taɓa motar ba. Kujera ya sa aka ba ni, ya ce, "Zauna ɗana, ba ni labarinta." Sai ya shiga tambaya. Idan ka ɗan taɓa birki tana ɗaukewa? Ya ce in tana ɗaukewa to takalman birki ne ke wasa a mazauninsu. Na ce ba ta ɗaukewa. Tana gurnani ne tana ƙaruwa da gudu, ta canza murya in ka karya kwana? Wannan kukan boris ne. Na ce a'a, tawa ba gurnani take ba. Buguwa ɗaya take yi mai nauyi a kowane rami, ko kaɗawa take yi ta ɗan jima? Na ce kaɗawa. Sannan ya yi tambayar da duk yawon da na yi babu wanda ya yi mini: da safe in ka tayar da mota da sanyinta kana jin ta, ko sai an ɗan yi tafiya? Na yi shiru ina tunani, na ce gaskiya sai an ɗan yi tafiya take tsananta. Ya yi murmushi ya ce, "To ƙafar mota ina ruwanta da zafin inji? Ku bar ƙafa ta huta, mu bi hanyar hayaƙi."

Ya kira ƙaramin yaronsa na gareji, ya sa aka kwantar da kujerun baya, yaron ya kwanta rub da ciki ya manna kunnensa a ƙasan motar, ni kuma na ja a hankali kan wata hanya mai gargada. Dalilin Baba shi ne jikin mota ƙarfe ne a haɗe, ƙara tana bin sa ta fito a inda ba nan aka haife ta ba. Gaskiyarsa kuwa, don ni na sha rantsewa daga dama take, maiɗakina ta dage daga hagu, har muka ɗan yi musu a kai. Yaron nan ya sha jijjiga, ƙura ta cika masa hanci, bai ɗaga kai ba sai da ya tabbatar. Ya ce, "Oga, ba dama ba ce ba hagu ba, tsakiya ce, ƙarƙashin kujera ta baya-baya." Da muka dawo Baba ya sa na tsaya cak, giya a furi, in riƙa ƙara totur sannu-sannu. Allurar juyin inji na kusantar 2,000 sai ga ƙarar, siririya, mota ko motsi ba ta yi. Shok da bushin ba sa kuka mota na tsaye.

Aka hau da ita kan rami. Baba ya hana kowa sauka sai salansa ta huce, ya ce hayaƙin da ke fitowa daga inji zafinsa kan wuce digiri 400, ko da ya rage kafin ya kai baya, bututun yana iya ɗaye fatar hannu. Muka zauna jira. Na ɗauka yaron zai tura, don tun zuwana nake ganin yadda Baba yake dafa gwiwa in zai miƙe. Sai na ga ya karɓi gudumar roba da fitila, ya juya baya, yana sauka matakalar ramin ɗaya-ɗaya, yana cije leɓe. Na ce, "Baba, don Allah ka bari yaro ya shiga." Ya ce, "Kunnensa ya yi nasa, saura nawa." Ina tsaye a sama ina jin bugunsa yana bin bututun daga gaba zuwa baya. Dum. Dum. Dum. Can sai ƙwarrr. Jikina ya yi yarr, don muryar da ta hana ni barci ce, ba ko tantama. Ya sake bugawa, ta sake amsawa. Ya ce, "Sauko ɗana, ka gani da idonka, kada gobe wani ya sake sayar maka da abin da ba ka buƙata."

Na sauka. Tsakanin salansa da tankin mai akwai wani faranti siriri na alminiyam, mai ƙananan tudu-tudu a jikinsa, wanda aikinsa tare zafi. Notika ne ke riƙe da shi a jikin motar. Baba ya haska ɗaya daga cikinsu. Notin yana nan a ɗaure tamau, amma farantin ya rabu da shi. Gefen hudar ya cinye ya zama wani farin gari, notin yana riƙe da ɗan zoben alminiyam kawai, sauran farantin na lilo a kansa. Ya sa yatsa ya ɗaga shi, ya sake, ya faɗo kan bututun. Ya ce haka abin yake, in alminiyam da baƙin ƙarfe suka haɗu ga danshi na shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke ciwuwa. Da sanyi farantin yakan ɗan maƙale ya yi shiru, in ƙarfe ya ɗauki zafi ya buɗa sai ya samu wurin rawa. Kuma duk wanda ya zo da sifana yana neman noti a kwance ba zai samu ba, zai gwada ya ji shi gam ya wuce. Ramin da na faɗa a daren nan shi ya ƙarasa yaga hudar.

Wani da ke tsaye a wurin ya ce a fizge farantin a yar kawai, ai motoci da yawa na yawo babu shi. Baba ya kalle shi ya ce wanda ya ƙera motar bai sa shi don ado ba, ga tankin mai a sama, ga yara a kujerar baya. Wosha mai faɗi ya sa yaron ya nemo, aka sa ɗaya sama ɗaya ƙasa suka kama lafiyayyen wurin farantin, aka ɗaure. Ya duba sauran notikan, ya canza robar da ke rataye salansa guda ɗaya da ta fara tsagewa. Shi ke nan aikin. Muka koma hanyar nan mai gargada, na bi ta da gangan ina neman ramuka, ba abin da nake ji sai taya. Ban san sanda na fara dariya ni kaɗai ba, yaron ma ya kama.

Da na zo biya Baba ya ƙi karɓar komai na kansa. Ya ce in sallami yaron, shi ya sha ƙura. Na yi magiya har na gaji. Baba, na san ba ka shiga intanet, amma na roƙi maƙwabcina ya karanta maka wannan. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwar nan, Ya sa hannunka ya zama shaida a gare ka ranar gobe, Ya jiƙan iyayenka da wanda ya koya maka sana'a. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya. Yaron kuma Allah Ya raya shi, Ya ba shi garejin kansa, Ya bar masa wannan kunnen da wannan haƙurin.

Ina godiya ga maiɗakina, wadda ta jure mini fushin da ba ita ta jawo ba, ta kuma zauna a kujerar baya tana saurare duk sanda na ce ta zauna. Ina godiya ga ƙanwata da mijinta da suka bar mana motarsu lokacin da na ce ba zan ƙara sa yara a tawa ba. Ku kuma da kuka yi ta turo shawara, ko wadda ba ta dace da matsalata ba ta amfane ni. Wanda ya koya mini in danna kusurwar mota in sake, in ta tashi ta zauna sau ɗaya shok na da rai, in ta yi ta lilo ya mutu, na gode. Wanda ya tuna mini a sake ɗaure notikan taya bayan kilomita 50 zuwa 100 duk sanda aka cire ta, na gode. Da baiwar Allah da ta rubuto da manyan baƙaƙe cewa kada in kuskura in shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, Hajiya na ji, kuma ban shiga ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku da iyalanku a kan hanya, Ya kiyaye ku daga tsautsayi na dare da na rana.

Garejin da aka canza mini shok ba na riƙe su da komai. Na dai so a ce sun tambaye ni ko da tambaya ɗaya kafin su kwance. Akwai kuma 'yan'uwa na jini da motar nan ta sha kai su unguwa, wasu ma mukulli kawai suke aikowa a karɓa, amma tun da aka fara wannan wahala ko sannu ban ji daga gare su ba. Ban ce komai ba, wataƙila hidima ce ta yi yawa. Allah Ya bar zumunci. Na san labari zai kai musu cewa ta gyaru.

Masu tambayata ta saƙo ko har yanzu ina kan maganar sayar da ita, ku yi haƙuri, na fasa. Tsofaffin shok ɗin kuma na karɓo abina, Baba ya gwada su ya ce lafiyarsu ƙalau, duk mai irin motata da ke buƙata ya yi magana in ba shi.