Alhamis: uku, saura shida

Yau da safe garau na tashi. An kawo wuta tun asuba har na samu na goge kayan makarantar yara, famfo ma ya ɗan tsiyayo. Kajina sun tara mini ƙwai 100 cif, na jera su talatin-talatin, kiret uku suka cika, goma suka rage a kwano. Maman Sadik ta aiko aka ɗauki kiret biyu.

Ƙarfe biyu Ummi ta dawo, sallamar ma can ciki ta yi ta. Ta yar da jaka ta shige ɗaki, abinci ko kallonsa ba ta yi ba. Na bi ta na ce, "Ummina, wa ya taɓa mini ke?" Sai ta miƙo mini littafin lissafi, fuska shaɓe-shaɓe da hawaye.

Tambayar ita ce: ɗalibai 30 za su je gidan zu, kowace mota tana cin mutum 8, mota nawa ake bukata? Ummi ta yi aikinta a gefe tsaf. Takwas sau uku ashirin da huɗu, a ɗebe daga talatin, saura shida. Sannan a ƙasa ta rubuta amsarta, 4. Malama ta sa jan biro ta soke, ta rubuta mata 3 saura 6.

"Umma, to su shidan fa? A ƙasa za su tafi?"

Na rungume ta na ce ta share hawayenta, amma wallahi ni abin ya tsaya mini a rai har na bar miya ta kama.

Bayan magariba na nuna wa Abbansu. Ya duba, ya ce, "Darasin rabawa mai saura suke yi, malamar so take ta ga sun iya fitar da sauran. Kada ki ɗaure wa yarinya gindi ta raina malamarta."

Na ce, "Abban Ummi, ai ta fitar da shi, ga shi nan a gefe da rubutunta. Kuma tambayar ba cewa ta yi a raba 30 gida 8 ba, cewa ta yi mota nawa. Wane direba za ka ce wa ya kawo mota uku saura shida?"

Ya yi shiru, ni kuma baki ya ƙi tsayawa. Na ce ya dubi ƙwaina na safe. Da za a tambaye ni kiret nawa zan iya sayarwa, uku zan ce, goman su jira na gobe. Lemo bakwai tsakanin yara biyu, wuƙa za a ɗauko, kowa uku da rabi. Naira dubu ga yara uku, a takarda 333 ne saura naira ɗaya, amma yau ina za ka ga kwandalar naira? Kowa ɗari uku, ɗarin da ta rage a sayo musu alewa su raba. Rabawar iri ɗaya ce, abin da ake yi da sauran ne ya bambanta, kuma sai ka san mene ne ya rage kafin ka san yadda za ka yi da shi. Ƙwai ya jira, lemo a yanka, amma yara shida sanye da kayan makaranta a bakin ƙofa sai dai a ƙaro mota, ko da kujeru biyu za su tafi babu kowa.

Shi ma sai ya ɗauka. Ya ce kwana 365 in aka raba gida bakwai mako 52 ne saura kwana ɗaya, shi ya sa ranar haihuwar mutum in ta faɗo Litinin bana, baɗi Talata ce, in kuma Fabrairu mai kwana 29 ta ratsa tsakani sai ta tsallake zuwa Laraba. Ummi tana daga bakin labule, har ta ɗan yi murmushi.

Can ya dube ni ya ce, "Amma me ya sa abin ya ɗaga miki hankali haka?"

Ban ba shi amsa ba a lokacin.

Ina shekara tara aka yi bikin ƙanwar Baba a Zariya. Tun jajibere aka sa mini lalle, aka yi mini kitso, ga sabuwar atamfata a ninke ƙarƙashin matashi. Da safe Kawu ya zo da Fijo ɗinsa. Manya suka shiga, aka ɗora ƙanana a cinya, aka matsa, aka sake matsawa, har ƙofa ta ƙi rufuwa. Aka ƙirga, mutum ɗaya ya yi yawa. Goggo ta ce, "Ke ai mai haƙuri ce, zauna ki taya Inna tsaron gida." Ba wanda ya yi da mugunta, na sani. Na tsaya a ƙofar zaure da ɗankwalina a hannu har ƙurar motar ta kwanta. Inna ta dama mini fura, na kasa sha. Shekara kusan talatin ke nan, ban taɓa ba kowa labarin ba, sai yau jan biron nan ya tono shi.

Bayan isha na rubuta wa Malama 'yar takarda, cikin ladabi, don na san aji ya cika maƙil kuma littattafan da take dubawa ba kaɗan ba ne. Na gaishe ta da aiki, na roƙe ta ta sake duba tambaya ta biyar, ta kuma tambayi 'yan ajin yadda za a yi da shidan nan. Sau biyu ina yagewa ina sakewa kafin ta yi mini daidai. Abbansu ya karanta, ya ce ba laifi.

An ɗauke wuta. Auta na tari kaɗan-kaɗan, na shafa masa man zafi. Gobe Juma'a, ga wanki, ga kitson Ummi. Takardar tana cikin littafin, a shafin da aka soke.