Kawu, Jigon Kawai Za Ka Faɗa Mini

Ran Asabar ɗin makon jiya ɗiyar ƙanwata ta zo gidana, waya a hannu ɗaya, littafin rubutu a ɗayan. Tana shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai, sashen Hausa, an ba su aikin nazarin Ruwan Bagaja: jigo, taurari, salo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, don Allah jigon kawai za ka faɗa mini, sauran na samu." Na ce ina littafin? Ta ce ai ba ta da shi, amma wata ƙawarta ta turo mata taƙaitawarsa a WhatsApp, shafi ɗaya da rabi. Na karɓi abin da ta fara rubutawa. Layin farko: "Babban jigon wannan littafi shi ne faɗakarwa." Sai da na ajiye kofin shayina. Wallahi ko wasali ba ta canza ba daga abin da na rubuta shekara talatin da 'yan kai da suka wuce.

Ni ma a kan littafin nan na yi kundin kammala karatuna, kuma ban karanta shi har ƙarshe ba. Yau na faɗa. Amma a yi mini adalci: kwafi ɗaya ne a ɗakin karatunmu, mu kusan arba'in, kuma wani mara tsoron Allah ya yage tsakiyarsa. Malaminmu kuwa shifta yake yi mana. A wurinsa jigo bai wuce uku ba, faɗakarwa, wa'azi, nishaɗantarwa, ka zaɓi ɗaya ka ɗora wa littafi kamar hula. Tarihi dai mun sha shi. Ko cikin barci ka tashe ni zan gaya maka gasar da Rupert East ya shirya a 1933 daga Hukumar Fassara ta Zariya, in jero maka littattafai biyar ɗin da aka buga bayanta, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abin da ke tsakanin bango da bango ne ban sani ba. To laifin wa? Na daɗe ina cewa na malamin ne. Sai dai kuɗin da na kashe a silima a shekarar nan ya isa ya sayi littafin sau biyar.

Ranar kare kundi wani dattijo da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni, "Malam, Alhaji Imam mutumin kirki ne?" Na ce ƙwarai kuwa, shi ne babban tauraro, Malam Zurƙe ne mugun. Bai ce komai ba. Ya zaro nasa kwafin daga aljihun babbar riga, ya buɗe wani wuri, ya turo mini, ya ce in karanta da ƙarfi. Ashe wuri ne da mutumin kirkin nawa ke shirya wa Zurƙe gadar zare. Ina karantawa da muryar mai karanta sanarwar rasuwa, dattijo yana dariya har ya cire tabarau yana share ido. Da na kai aya ya ce, "Kai ɗana, littafin nan bai taɓa ba ka dariya ba?" Sannan ya tuna mini abin da ko a mafarki ban lura da shi ba: Alhaji Imam ne ke ba da labarin da bakinsa. Wanda ke riƙe da ludayi ai ba zai zuba wa kansa tsaki ba. Su biyun 'yan duniya ne, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama, ni kuwa na ɗauki ɗaya na naɗa masa rawanin waliyyi don kawai shi ya tafi neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki.

Na ci jarrabawar, da kyar. Kuma ban daddara ba, nan ne abin kunyar. Na fara koyarwa, na ci gaba da yi wa yara shiftar jigo uku, don ita ce ke kawo maki, kuma aji mai mutum tamanin ba wurin tsayawa sauraron murya ba ne. Haka nake gaya wa kaina.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na abokina. Tare muka tashi, shi mawaƙi ne, mai ƙwar biyar da amsa-amo kamar an auna da ma'auni. Ya rubuta wa wani ɗan kwangilar garinmu waƙa, ya karanta a taron marubuta. Ya yabi gadar da mutumin ya gina, ya ce saboda tawali'unta da ruwan farko ya zo sai ta durƙusa masa. Ya yabi rijiyar burtsatsensa da ba ta taɓa jiƙa wa kowa tufafi ba. Ni ban je taron ba, a takarda na gani, kuma baiti uku na farko na karanta, na ga "gwarzo", na ga "na-kowa", jinina ya hau. Na rubuta sharhi mai zafi a 'yar mujallar ƙungiyarmu, na ce jigon waƙar banbaɗanci ne, na ce alƙalami ya koma maroƙi. Zambo cikin yabo, abin da kowace tsohuwa ke ganewa a bakin rijiya, ni mai takardar shaidar Hausa ya wuce ni. Garin duka ya gane gatsen, har ɗan kwangilar ya gane, ban da ni. Abokina bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka zo ka ji yadda na rera ta." Har Allah ya karɓi abinsa gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ko da yake shi ma da ya sassauta, ai kuskure ne, ba ƙeta ba. Kai, a'a. Baiti ashirin da bakwai ne, na karanta uku.

Na yi niyyar in tsara wa yarinyar nan shawarwari goma, har na fara ƙirgawa da yatsu. Da na buɗe baki biyu suka fito, na ukun ma rigima ce.

Ki karanta abin duka, kuma da ƙarfi. Waƙa ki rera ta. In fim ne ki zauna daga farko har sunaye su hau, ban da guntayen minti ɗaya da kuke gani a TikTok ku yanke wa darakta hukunci. Ku yaran yanzu kuna iya kwana a kan waya kuna kallon wanda ke cin taliya, amma littafin da bai kai kaurin yatsa ba sai an taƙaita muku! Kunne ne ke kama ba'a da gatse da makoki. Ki duba Shaihu Umar: malami na zaune cikin almajiransa yana ba da labarin harin bayi da ƙetare hamada da wahalar da uwarsa ta sha wajen nemansa, cikin natsuwa kamar mai karanta fiƙihu. Wannan sanyin muryar shi ne ke sa tsikar jiki tashi, kuma babu taƙaitawar da za ta kawo miki shi.

Na biyu, kada ki nemi jigo sai kin gama da mutanen. Wa ke magana, me yake so, me ya yi da ya ga babu mai kallonsa? Tauraro ba lallai ya zama na Allah ba. In kika ga kalmar "faɗakarwa" na neman fitowa daga alƙalaminki, ki tambayi kanki faɗakarwa a kan me, wa aka faɗakar, a wane shafi.

Sai na ce mata kada ta kuskura ta karanta sharhin kowa, nawa ma. Can kuma na tuna dattijon nan mai tabarau, wanda da bai buɗe mini ido ba da har yau ina nan jiya i yau, na ce to ta karanta na manya, amma daga baya. Ta ce, "Kawu, in malaminmu faɗakarwa yake so fa?" Na yi shiru. Na ce ta rubuta masa faɗakarwar ta karɓi makinta, kada ta maimaita shekara saboda ni. Ta dube ni, na dubi kofin shayi.

Na shiga ɗaki na ɗauko mata kwafina. Tana karɓa ta juya shi ta baya, ta duba lambar shafin ƙarshe, ta ja numfashi. Na ce ta dawo mini da shi ran Juma'a. Juma'ar ta wuce, yau Litinin, shiru. Ban gaya mata ba, rubutun hannun da ke cikin bangon na abokin nan nawa ne, shi ya saya mini littafin mako guda bayan kare kundina.